Rawar sitiyari in an taka birki: yadda gyaran Corolla yake tafiya

Asabar, 9 ga Agusta, 2025

Motar Corolla ce ƙirar 2006, irin ta Amurka, ta Kwatano ta shigo, shi ya sa agogon gudunta da mil yake lissafi. Matsalarta ɗaya ce amma ta ishe ni: muddin na kai mil 50 zuwa 60, wato kilomita 80 zuwa 100 a awa, na ɗora ƙafa a birki, sai sitiyari ya kama karkarwa hagu da dama. A cikin gari, daga danja zuwa danja, lafiya lau take. Sai ka hau titin Zariya ka wuce Na'ibawa, wata tirela ta rage gudu a gabanka, nan take nuna halinta.

Ba yau ta fara ba. Da bazara an canza mata fad, wato takalmin birkin da ke matse faifai, a wani gareji, aka cire fayafayan birki na gaba aka kai aka aske su, rawar ta ɗauke. Damina na kankama ta dawo, har ta fi ta da. Don haka a wannan karon na ƙudurta ba zan sayi ko noti ɗaya ba sai an auna an ga inda cutar take.

Abin da na gwada yau a kan baifas, da safe kafin manyan motoci su cika hanya: na kai kilomita 100 na saki totur ban taɓa birki ba, sitiyari shiru. Na taka a hankali, rawa ta zo da ƙarfinta. Na danna sosai, sai ta ɗan lafa. Fedar birkin ma tana ɗan turo ƙafata, kuma bugun yana raguwa daidai da yadda gudun yake raguwa, alamar abin yana bin juyin taya ne. Ba irin gurnanin nan na ABS ba ne, wanda sai an taka da ƙarfi taya na neman zamewa yake tashi.

Na kuma gwada na baya. Birkin bayan wannan motar na kwano ne, kuma shi birkin hannu yake kamawa. A ƙaramin gudu, babu kowa a bayana, na danne maɓallin na ɗago shi kaɗan-kaɗan. Mota ta rage gudu sumul, kujera ba ta girgiza ba. Ke nan ciwon a gaba yake.

Talata, 12 ga Agusta

Na biya wurin mai faci na unguwarmu a duba iska. Da jin bayanin ya ce, "Alhaji, balansin ne kawai, ka kai a ɗora maka dalma." Ban yi musu da shi ba, amma ba haka ba ne. Tayar da ba ta da balansin tana rawa ne a wani gudu ko ka taka birki ko ba ka taka ba. Tawa kuwa sai an taka. Duk da haka na sa ya mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, don a kawar da shakka. Muka duba babu ƙullutu a jikinsu, rim bai lotsa ba, lambobi huɗu na ƙarshe a gefen tayar, masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, sun nuna ba su tsufa ba.

Rawar tana nan yadda take.

Wani abu dai na gani da idona: da yaron ya zo ɗaure notina, sai ya zura dogon bututu a sifana ya hau kai da ƙafa biyu yana tsalle, yana bin su a jere ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya dakata. Ya kalle ni da mamaki, don a wurinsa ƙauna yake nuna min, kada taya ta fita.

Alhamis, 14 ga Agusta

Gareji. Bakaniken da nake kai wa yanzu dattijo ne, ya daɗe a kan Toyota, ba ya son yawan magana. Kafin ya ɗaga motar sai da ya ce mu zaga da ita. Muna dawowa ya sunkuya ya kai bayan hannunsa kusa da rim na ɓangaren direba, ya janye da sauri. Ya je ɓangaren mai zaman banza ya dafa, ɗumi kawai. Ya ce, "Wannan ƙafar tana riƙewa."

Aka sa jak, aka tokare da ƙarfen tsaro. Ya kama tayar sama da ƙasa ya jijjiga, babu wasa, boris da bol-joyin lafiya ke nan. Ya kama ta gefe da gefe: ta hagu tsam, ta dama kuwa akwai ɗan ƙas-ƙas, ya ce tayarod na ciki, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, ya fara gajiya. Bushin na loya-am, wato robar ƙarfen da ke riƙe taya daga ƙasa, ya tsattsage amma bai rabu ba. Na tambaye shi ko su ne ke kawo rawar. Ya girgiza kai, ya ce su ba sa haifar da ita, sai dai in ta zo su ƙara mata murya.

Da aka buɗe kalifa ta hagu, wato ƙarfen da ke rungume faifai yana matsa masa fad, sai labari ya fito. Kalifar tana zamewa ne a kan fil biyu, kowanne da robar da ke hana ruwa da ƙura shiga. Na sama ya zaro da yatsa biyu. Na ƙasa sai da aka sa filaya ana murɗawa, ya fito ja wur da tsatsa, giris ɗin ya bushe ya zama ƙasa, robar ta yage. Fad na ciki ya cinye saura kamar milimita 3, na waje kuwa yana da kusan 7, alhali rana ɗaya aka saka su. Faifan kansa ya yi shuɗi-shuɗi a wasu wurare, kuma in ka karkata shi ga haske za ka ga hoton fad ɗin zane a jikinsa, daidai girmansa, inda aka taɓa tsayawa aka danne birki yana da zafi.

Oga ya ce faifan ya lanƙwashe, ruwan damina ne, ka taho da birki da zafi ka faɗa kududdufi. A sake askewa. Na ce, "Oga, a yi min haƙuri, a bari mu auna tukuna." Ya ce motarka ce.

Asabar, 16 ga Agusta

Yau ce ranar da ta fi kowace amfani. Wani abokina da ke aikin injin lez ya zo da maikuromita, abin auna kauri, da kuma agogon awo mai allura, wanda ake maƙalawa da maganaɗisu, kowane layi a fuskarsa kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne.

Muka fara da kauri. Faifan gaba na wannan Corolla yana zuwa da kaurin milimita 25, kuma mafi ƙarancin da aka yarda a yi amfani da shi 23 ne. An ma buga lambar a jikin ƙarfen, sai da muka goge tsatsa muka gan ta. Ya ɗiga alli a wuri takwas kewaye da faifan, kamar milimita 10 daga baki, ya auna kowanne. Na hagu: mafi kauri 23.44, mafi siranta 23.38. Na dama ya fi shi daidaito, amma shi ma 23 da 'yan kai ne. Wato askin da aka yi da bazara ya riga ya cinye naman. In aka sake ɗora su a lez, ko dai su faɗa ƙasa da iyaka ko su tsaya a bakinta, kuma siririn faifai ya fi saurin ɗaukar zafi. Maganar aski ta mutu a nan.

Bambancin 0.06 ɗin nan shi ne rawar da nake ji. Bai kai kaurin gashin kai ɗaya sosai ba, amma ka tuna taya mai lamba 195/65R15 tana cin kusan mita biyu a juyi ɗaya, ke nan a gudun kilomita 100 tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa. Duk juyi, wurin mai kauri yana ture fad baya, fad ya ture fistin ɗin cikin kalifa, fistin ya turo mai zuwa ƙafarka. Sai wurin siririn ya zo kamun ya saki. Ƙafar hagu tana kamawa tana saki, ta dama tana riƙe daidai, sai sitiyari ya dinga fizga. Ko rabin wannan bambancin direba yana iya ji.

Tambayar da ta fi damuna ita ce: me ya sa faifan da aka aske ya fito sumul ya koma haka cikin 'yan watanni? Sai aka ɗaure faifan a hob, wato mazauninsa, da notinan taya, aka ɗora allurar a fuskarsa, aka juya a hankali da hannu. Allura ta tafi ta dawo, layi 13. Iyakar da Toyota ta ba wa wannan motar layi 5 ne, wato 0.05. Oga ya ce, "To ka gani, na ce maka ya lanƙwashe." Abokina bai ce komai ba, ya ce a cire faifan.

Sai da aka buga da guduma kafin ya saki. Fuskar hob ɗin, inda faifan yake zama, ta yi ɓawon tsatsa, a gefe ɗaya har ya yi tudu. Cikin hular faifan ma haka. Wanda ya yi aikin bazara ya mayar da faifan da aka aske a kan wannan dattin bai goge ba. Muka sa burushin waya da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, aka ɗora allura a kan hob ɗin shi kaɗai: layi 2. Hob lafiyarsa ƙalau. Aka mayar da tsohon faifan nan dai a kan hob mai tsabta, layi 13 ya koma 6.

Ga yadda na fahimci abin. Faifan da ya zauna a karkace ba ya sa rawa a ranar farko, domin kalifa tana bin sa tana zamewa. Amma duk juyi, ko ba ka taka birki ba, tudun yana shafar fad. Daga Kano zuwa Kaduna sau nawa ke nan? A hankali wurin ya cinye, ko kuma garin fad ya manne masa, kauri ya bambanta. In kuma fil ya riƙe kamar nawa, kalifar ba ta iya kaucewa, shafar ta zama gurza, zafi ya ƙaru. Ɗaurin noti na hawa da ƙafa, wani ya fi wani tsauri, shi ma yana iya jan faifai ya karkace.

Oga bai sauka daga maganar ruwa gaba ɗaya ba, ni ma ban ce ruwa ba shi da laifi ba. Ruwan ne ai ya shiga robar da ta yage ya kashe fil, shi ne kuma ya kawo tsatsar hob. Sai dai ta wannan ƙofar ya shigo, ba ta lanƙwasa ƙarfe ba. Da yamma na ji shi yana ce wa yaronsa, "Kai, daga yau kar ka ƙara mayar min da faifai ba ka goge mazauninsa ba." Na yi kamar ban ji ba.

Laraba, 20 ga Agusta

Kasuwar Ƙofar Ruwa. Na tafi da maikuromitar a aljihu. An fito min da fayafayan Beljiyam, ana cewa ƙarfen asali ne, ya fi sabo. Wani lokacin gaskiya ne. Amma wanda ya yi aiki a wata ƙasa ya riga ya ci rabonsa, kuma bakinsa yana yin leɓe inda fad ba ya taɓawa, in ka auna a nan sai ka ɗauka yana da nama. Na auna a tsakiya, waɗanda na gani duk suna kusa da 23. Sayen su komawa gidan jiya ne.

Na sayi sabbi guda biyu. Ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Na duba faɗin milimita 255, huji biyar, kauri 25 cif, ramukan iska na tsakiya ba su toshe da ɓurɓushin zubi ba. Na haɗa da fad saiti ɗaya, fil da robobinsa na ƙafa biyu, da man birki DOT 3 a rufe da hatiminsa, kamar yadda aka rubuta a murfin tankin. Abin da ya ba ni wahalar samu shi ne giris na silikon. Shago bayan shago sai a miƙo min baƙin giris na boris a ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne: giris na fetur yana kumbura roba, fil ɗin ya sake riƙewa. A ƙarshe na samu wata 'yar ƙaramar tub a wurin masu kayan manyan motoci.

Kuɗin kam an ji a jika.

Asabar, 23 ga Agusta

Ɗauri. Sabon faifai yana zuwa da wani mai da ake shafa masa don kar ya yi tsatsa a kwali. Aka wanke shi da ruwan sabulu aka busar, fuska biyu da cikin hula. Aka sake bin hob da sanfefa. Ramin fil na ƙasa a ɓangaren direba sai da aka nannaɗe sanfefa a sanda aka yi ta zurawa kafin sabon fil ya shiga ya fita da yatsa. Kalifar kuma aka rataye ta da waya a jikin sifirin, ba a bar ta tana lilo a kan tiyon mai ba.

Na dama ya ba da layi 3 tun ɗaurin farko. Na hagu ya ba da 6. Abokina ya ce kar a damu, tunda huji biyar ne, zama biyar gare shi. Aka yi alama da alli, aka cire, aka juya shi huji ɗaya, aka sake aunawa, aka ci gaba da haka har aka samu zaman da ɗan tudun hob ya haɗu da ɗan kwarin faifai: layi 2. Wannan dabarar ba ta cin ko sisi, lokaci kawai take ci, kuma ban taɓa ganin an yi ta a gareji ba.

Man birkin da ya fito baƙi ne. Man birki yana shan danshin iska, kuma DOT 3 da yake tafasa a sama da digiri 205 yana sabo, in ya sha ruwa zai iya saukowa wajen 140. Ƙafar da ta daɗe tana riƙewa ta riga ta dafa shi. Aka zuƙe na tanki, aka zuba sabo, aka fitar da iska daga taya mafi nisa: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Yaron yana ciki yana famfo, Oga na ƙasa yana cewa "Riƙe!", "Saki!", har mai ya fito garau.

Notinan taya da sifana mai awo aka ɗaure su, 103 N·m, ana tsallake ɗaya ana kama na gaba har a zagayo. Yaron ya ce, "Yallaɓai, wannan ai bai ɗauru ba." Oga ya ce masa ya gwada kwancewa da hannu in ya isa.

Kafin a motsa motar aka yi ta famfon feda har ta yi tauri. Bayan an tura fistin ciki, takun farko ƙasa yake tafiya babu birki, kuma a ƙofar garejin akwai mai shayi.

Lahadi, 24 ga Agusta

Da sassafe na fita baifas don fad da faifai su saba da juna. Ka kai kilomita 60, ka taka da matsakaicin ƙarfi ka sauko wajen 10, kada ka tsaya cak, ka sake tashi, haka sau takwas zuwa goma. Za ka ji ɗan ƙauri, ba komai. Daga nan ka yi tafiya mai ɗan nisa ba ka taɓa birki ba don ya huce. Manufar ita ce garin fad ya shimfiɗu a fuskar faifan bai-ɗaya. In ka tsaya ka danne yana da zafi, hoton nan da na gani a tsohon faifan za ka sake bugawa.

Bayan ya huce na kai 100 na taka. Sitiyari bai motsa ba. Feda ba ta turo ba. Na sauka na kai hannu kusa da rim biyu, zafinsu ɗaya.

Litinin, 1 ga Satumba

Rawar birki ba ta dawo ba. Amma yanzu da babbar hayaniyar ta tafi, ƙaramar ta fito: in na hau kwalta mai tudu da kwari, sitiyari yana ɗan wasa, kuma akwai ƙwas a dama in na faɗa rami. Tayarod ɗin nan ne. An canza na ciki na dama da robarsa, aka kai alayimen, don duk wanda ya taɓa tayarod ya taɓa saitin taya. Bushin na loya-am na bar shi sai albashi ya shigo. Oga ya ce zai kai, in dai na daina faɗa wa ramuka kamar ina jin haushinsu.

A wurin alayimen ɗin ma sai da na tsaya a kansu, don bindigar iska suka ɗauko za su ɗaure taya. Yanzu sifana mai awo tana but, na sayi tawa.

Asabar, 4 ga Oktoba

Gwajin gaskiya ba ranar da aka gama aiki ba ne, tunda wancan gyaran ma ya yi kyau a makonnin farko. Motar ta je Kaduna ta dawo, ta sha ruwan ƙarshen damina a unguwa. Yau aka cire tayoyin gaba aka sake ɗora allura: hagu layi 2, dama layi 3, yadda aka bar su. Kauri a wuri takwas bai nuna wani bambancin da maikuromitar za ta iya kamawa ba. Fad na ciki da na waje suna ci daidai. Fil huɗu duk suna zamewa.

Abu ɗaya da ban so ba: robar fistin ta hagu ta yi tauri ta fara tsagewa a gefe, zafin da ta sha a baya ne. Bai fara yoyo ba, fistin yana komawa, amma in ƙura ta shiga lokacin hunturu zai riƙe, mu koma inda muka fito. Na ba da saƙon kayan gyaran kalifa, robar waje da zoben ciki. Tiyon mai na wannan ƙafar ma za a canza shi a rana ɗaya, tunda dole a sake fitar da iska. Bushin na loya-am biyu suna kan layi, sai kuma buɗe kwanon baya, wanda tun da na sayi motar ban ga an buɗe shi ba. Oga ya ce in kawo ta ranar Laraba da wuri, kafin 'yan haya su cika masa gareji.